Zariyar Malam Lawali

Har yau ban manta ranar da Malam Lawali na Gidan Goga ya shigo shagonmu a Talatar Mafara ba, don a ranar na gane cewa na yi shekara ashirin ina riƙe da almakashi amma da saurana.

Ku da kuka shigo sana'ar kwanan nan ba ku san maigidanmu ba, Allah ya jiƙan shi. Mutumin Italiya ne, daga wani ƙauye kusa da Napoli. Sunan shi Gennaro, bakin mutanen Mafara ya mai da shi Janar, shi kuwa ko bindigar toka bai taɓa riƙewa ba. Ya zo yana saurayi lokacin da ake ginin dam, yana ɗinka wa ma'aikata kayan aiki da tamfol. Da aka gama, 'yan uwan shi suka koma gida, shi ya zauna. Ya musulunta, ya auri Inna Kulu 'yar Bakura, suka haifi 'ya'ya biyar. Kakan shi tela ne, uban shi tela ne, kuma in ya buɗe baki da Hausa sai ka rantse a nan Mafara aka yanke mai cibi, in ban da hancin.

Tsarin shagon haka yake. Janar ke awo, ni ke yanka, akwai masu ɗinki uku da mai aikin wuyan riga. Kuma ba a ba mutum kaya sai ya zo gwaji, wato ya sa rigar tun tana haɗe da dogon zare, a duba inda ta ja da inda ta saki. Mu dai muna ganin ɓata lokaci ne. Mun sha yi da shi a bayan ido.

Malam Lawali hedimasta ne. 'Yan bindiga sun harbe shi a hannun hagu, aka yanke hannun daga kafaɗa. Ya warke, amma ya ƙi fita. Ofishin ilimi suka aiko mai cewa in aka koma makaranta bayan Babbar Sallah bai koma aiki ba, za a sallame shi a ba wani kujerar. Mutum mai iyali goma sha. Ƙanen shi Bello ne ya lallaɓo shi zuwa wurinmu, wai ko sababbin kaya za su ba shi ƙarfin hali.

Janar ya tafi Bakura ta'aziyya a ranar, don haka ni na yi awon. Hankalina duk yana kan hannun rigar da ba komai ciki. Na ce wa Malam ya kwantar da hankalin shi, zan naɗe hannun in cusa cikin aljihu in kama da zare, ba mai lura. Ya ce to, ya gode. Wallahi har wani daɗi nake ji, ina ganin na yi dabara.

Ranar gwaji Janar na nan. Malam ya karɓi kaftani da wando ya shiga bayan labule, Bello ya bi shi. Ni ban ɗauki wannan komai ba. Janar kuwa ya aje allin da ke hannun shi, ya bi su da ido, fuskar shi ta canza. Da suka fito ya aiki Bello ya sayo goro, ya kori masu ɗinki, ya rage daga ni sai su biyu. Ya gaisa da Malam a tsanake, ya tambayi iyali da damina, sannan ya sassauta murya.

"Malam, ka gafarce ni. Wa ka ɗaure maka zariya?"

Malam Lawali ya sunkuyar da kai. Ya ce a gida uwargida ce, in an fita kuma Bello. Ya ci gaba da cewa, to a makaranta fa? Mutum ya zaga bayan gida, ya fito riƙe da wando, ya kira ɗalibi ko malamin da ke ƙarƙashin shi? Ya ce gara a sallame shi. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Zariya sai da hannu biyu, ni da nake zura ta kullum ban taɓa tunanin haka ba.

Nan Janar ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Uban shi ya dawo daga yaƙin duniya babu hannu ɗaya, tun kafin a haife shi. Tela ne, ga shi ba zai sake ɗinki ba. Ya ce ya tashi ya tarar uwar shi ke ɓalla wa uban maɓallai, in ba ta nan sai uban ya wuni a ɗaki. Kakan ne ya zauna ya sake tsarin kayan ɗan nashi gaba ɗaya, har uban ya iya shiryawa shi kaɗai ya koma shago yana yin awo. Ya ce a kan waɗannan kayan kakan ya koya mai riƙon allura, shi ya sa gidansu ba sa wasa da gwaji.

Na yi karambani na ce a sa roba kawai. Ya harare ni. Ya ce dattijo ne, ba yaron goye ba, kuma roba wata uku ta saki. Da kan shi ya zauna kan keke, abin da ya daɗe bai yi ba saboda ido. Ya bar zariyar a gaba da ƙullinta, ɗinke, duk mai gani zai ce wando ne kamar na kowa. Daga ciki ta dama ya sa ƙugiyar ƙarfe da madauki uku, babban yatsa kaɗai ya isa. Ya cire links, wato maɓallan bakin hannun riga, daga hannun dama ya bar shi buɗe, don hannu ba ya ɓalla wa kan shi maɓalli. Wannan ma ban hango ba. Dabarata ta aljihu kuwa ya bar ta, ya ce ba laifi, kuma daga bakin Janar wannan yabo ne babba.

Bayan kwana uku suka dawo. Malam ya ɗauki kayan ya nufi labule, Bello ya miƙe, Janar ya dafa mai gwiwa ya zaunar da shi. Muka zauna jira, ko keke ba mai takawa. Can sai ga Malam Lawali ya fito a shirye, idanun shi sun yi ja. Ya dubi ƙanen shi.

"Bello, koma gonarka. Ofis za ni, ni ɗaya."

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mutanenmu za su faɗa maka tsawon riga da faɗin wuya, amma abin da ya fi damun su ba za su faɗa ba, kunya ba ta bari. Tef ba ya auna wannan. In mutum ya shiga bayan labule, ku aje waya ku lura da yadda ya shiga da wanda ya bi shi.