Mazarƙwailar da Ta Ƙi Daskarewa

Matso nan, gyara zama, in nuna maka wani mutum a kasuwar Maƙarfi.

Ga shi can a layin masu mazarƙwaila, dogo siriri, yatsunsa duk tabon ƙuna. Maƙwabtansa suna ta hirar mulkin kai da sabuwar tuta, shi kuwa faifansa kawai yake kallo. Mazarƙwailar kowa ta daskare kamar dutse, tasa ta yi ruwa, ƙudaje na bi.

Wata tsohuwa ta dangwala yatsa, ya nutse.

"Haba Maiwada! Kai da ake rububin kayanka? Wannan ai kunu ne."

"Raken ne ya kwana, Iya."

"Ka sare rake ka bar shi? Ina ka shiga?"

"'Yata Zulai muka kai makwancinta."

Duk mai wannan sana'a ya sani, da zarar an sare rake zaƙinsa yake fara juyewa. In ba a matse shi da wuri ba, kome wutar da aka ba shi ba zai daskare ba. Da alama yana tsakiyar sara aka kira shi gida, raken ya yi ta jira har aka tashi daga zaman makoki.

Tsohuwar ta ce, "Allah ya sa mai ceto ce," ta wuce.

Sai ya gutsuro gefen da ya ɗan kama, ya miƙa hannu ƙasa kamar yadda ya saba, daidai tsawon ƙaramar yarinya, ko waiwayawa bai yi ba. Hannun yana nan a miƙe, zaƙin yana ɗiga ta tsakanin yatsu.

To, kai da kake wucewa, za ka karɓa, ko za ka bar shi ya tuna da kansa?