Faya-fayan da Suka Iso Bayansa

Ina cikin takaba faifan farko ya iso. Wani mai babur ne ya kawo shi da hantsi, cikin kwali mai faɗi marar kauri, da sunan maigidana a jiki. Mahaifiyata, wadda ta zo daga Zariya don ta zauna da ni, ita ta karɓa a bakin get, ta shigo tana jujjuya shi.

"Wannan kuma mene ne? Kamar faranti."

"Faifai ne, Mama. Ajiye shi can bayan ƙofa."

Ta ajiye. Ban buɗe ba.

Maigidana injiniya ne a wata hukumar gwamnatin tarayya, ni kuma ina sashen kula da ma'aikata a wata ma'aikata. Mutum ne marar yawan magana, sai in an taɓo kiɗa. Tun kafin mu yi aure yake tara faifan garmaho, irin baƙaƙen nan masu faɗi da ake ɗora wa allura. Da farko tsofaffi yake saye, na zamanin iyayenmu. Daga baya hankalinsa ya koma kan sababbin mawaƙa, matasan da ba su da kamfani a bayansu, waɗanda ke haɗa waƙa a ɗaki ko a ƙaramin situdiyo, su yi karo-karo su aika ƙasar waje a buga musu faifai 'yan kaɗan. In sun ƙare sun ƙare, ba a sake bugawa. Shi ya sa tun kafin a buga yake sa a ajiye masa nasa, wani lokaci a yi watanni kafin ya zo.

Yana da wani guruf a waya, na masu son irin wannan kiɗa. Yawancinsu ma'aikata ne irinmu a nan Abuja, da wasu a Jos da Kaduna da Legas. Duk Asabar bayan karin kumallo sai ya zauna a falo ya ɗauki saƙon murya, ya gaya musu abin da ya ji a makon da wanda ya kamata su nema kafin ya ƙare. Ni ba na cikin guruf ɗin. Daga kicin nake jiyo shi yana cewa a lura da yadda gurmi ya shigo bayan jita, ina ta wanke-wankena. Ban taɓa hana shi ba, ban kuma taɓa zama na saurara ba.

Wata Talata ya faɗi a ofis. Kafin in ratsa cunkoson motoci in isa asibiti, an riga an lulluɓe shi. Likita ya yi mini bayani a kan zuciya da hawan jini, ina kallon bakinsa yana motsi. Da ya gama na tambaye shi inda zan sa hannu.

Ban yi kuka ba a ranar, ban yi ba a kwanakin zaman makoki. Masu ta'aziyya suka yi ta yaba mini haƙuri, wata ma ta ce in yi mata addu'a Allah ya ba ta irin tawakkalina. Na ce amin. Ni dai na san ba haƙuri ba ne. Kamar an yi mini allurar kashe zafi ne a asibitin haƙori, sai dai wannan ta kama jiki duka kuma ta ƙi saki. Ina cin abinci in an ajiye mini, ina salla a kan lokaci, ina amsa gaisuwa. Miyar kuka da shayi duk ɗaya nake jin su a baki.

Faya-fayan suka ci gaba da zuwa, jefi-jefi. Kowanne mahaifiyata ta jingina shi a bayan ƙofa kusa da ɗan'uwansa. Da na fita takaba ta koma Zariya, ni kuma na koma aiki. Ina tashi, in shiga mota, in zauna gaban fayiloli, in dawo. Abokan aiki suka ce na yi ƙoƙari.

Wata ranar Asabar na duba bayan ƙofa, na ga kwalayen sun fara hana ta buɗewa sosai. Duk daga wuri ɗaya suke, wani shago a Karu. Na shiga mota na tafi don in ce a daina aikowa.

Shagon ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da wata mai sayar da atamfa. Mai shagon dattijo ne mutumin Filato, mai furfura a gemu, da gicciye rataye a bango sama da kujerarsa. Ina faɗin wace ce ni ya miƙe, ya cire hular kansa.

"Madam, sannu. Sannu da haƙuri. Na zo jana'iza, amma mutane ya yi yawa, ban samu na gaishe ki ba."

Na ce na gode, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce ai duk na oga ne, wato maigidana, tun yana raye ya biya kuɗinsu, shi isarwa kawai yake yi. Saura guda ɗaya, wanda ya zo a makon nan. Ya shiga ciki ya fito da shi ba kwali. A jikin bangon faifan akwai hoton titi da sassafe, mutane tsaye a gefen hanya suna jiran mota.

"Wata yarinya ne daga Kuje," in ji shi. "Malamar firamare. Ita da wanta suke yi, shi yana jita, ita tana waƙa. Oga ne ya ji su a waya ya ce dole a buga wannan a faifai. Shi ya haɗa su da ni. Yanzu ga shi ya zo, oga babu."

Na ce Allah ya ba su kasuwa. Ya shafa gefen bangon faifan da babban yatsa.

"Madam, gaskiya mutanen guruf ɗin nan ba su sayen abin da oga bai faɗa ba. Tun da ya rasu guruf ya yi shiru. Na sa hoton faifan, ba wanda ya amsa. In ke kika yi magana da wayarsa, za su ji."

"Baba, ni ban san kiɗa ba."

"Ki saurara kawai. Abin da kika ji ki faɗa."

Ban ce zan yi ba. Amma da ya ce in zo in ga yadda ake ɗora allura, na matsa kusa na duba. Ya nuna mini yadda ake riƙe faifai ta gefe don kada yatsa ya taɓa tsakiya, da ɗan sandan da ake ɗagawa a sauke allurar a hankali. Ya sa na gwada sau biyu a na'urarsa. Na ɗauki faifan na koma gida.

Washegari da safe na cire ƙyallen da mahaifiyata ta rufe na'urar maigidana da shi. Akwai wuta. Na ɗora faifan, na sauke allura, na zauna a kujerar da ke fuskantar lasifikokin, wadda a da ba na zama a kanta.

Na saurari gefe ɗaya har ya ƙare, na juya ɗayan. Na yi tsammanin wani abu zai motsa a ƙirjina, tunda abin da ya so ne, kuma a kujerarsa nake. Ba abin da ya motsa. Amma kunnena yana aiki. Na ji muryarta ba ta da ƙarfi, kuma ba ta ƙoƙarin ƙara mata. Na ji tana jan numfashi kafin kowane baiti. A waƙa ta biyu tana ba da labarin fitowa daga Kuje tun da duhu-duhu, da yadda fasinjoji ke barci a kafaɗar juna ba su san sunan juna ba. A wata waƙar, can ƙasa-ƙasa, akwai ƙarar janareton maƙwabta da ba su iya cirewa ba. Wanta ya yi kuskure a jita wuri ɗaya, ya ci gaba abinsa.

Na kunna wayar maigidana, wadda ke cikin durowa tun ranar da aka ba ni ita a asibiti. Na buɗe guruf ɗin. Saƙonnin ta'aziyya ne jere, sannan shiru, sannan hoton da mai shago ya sa. Na danna wurin ɗaukar murya na ce ni matarsa ce, ban san kiɗa ba, amma ga faifan da ya sa aka buga. Na faɗi abin da na ji kamar yadda na ji shi, har da janareton da kuskuren jita. Na ce kaɗan aka buga, yana shagon Karu. Na aika, na ajiye wayar, na tafi na jiƙa wanki.

Da na dawo, amsoshi sun taru. Wasu addu'a, wasu kuka a cikin saƙon murya, wani mutum a Kaduna ya ce da ya ga sunan oga ya fito a wayarsa sai da ya faka mota a gefen titi. Na saurare su duka, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina duba fayil. Kafin ƙarshen wata mai shago ya kira ya ce faifan ya kusa ƙarewa.

Bayan nan ne mawaƙiyar ta zo gidana. Siririya ce, da mayafi ruwan toka da jakar malamai a kafaɗa, ta kawo mini doya daga gonar babanta. Ta durƙusa ta yi mini ta'aziyya, ta ce sau ɗaya kawai ta taɓa ganin maigidana ido da ido, amma ya kan kira su ya ce kada su bari a gyara muryarta da na'ura. Na kawo mata ruwa da lemo. Ta ɗan kurɓi ruwan.

"Anti," ta ce, "wace waƙa ce ta fi taɓa ki a ciki?"

Na so in zaɓi ɗaya in faɗa mata, don ta yi tafiya mai nisa. Amma ban da ƙarfin ƙirƙira.

"Ba ko ɗaya. Ba laifin waƙoƙinki ba ne. Tun da ya rasu ba abin da ke taɓa ni."

Ta dube ni, ba ta nuna ta ji haushi ba.

"Amma kin ji janareton," ta ce. "Ba wanda ya taɓa ji sai ke. Wana ya rantse mini ba ya fitowa."

"Yana fitowa. A waƙa ta huɗu."

Ta yi 'yar dariya ta rufe baki da mayafi. Kafin ta tafi ta roƙe ni in kunna mata faifan, don ba su da na'ura a gida, a shago kawai ta taɓa jin sa, cikin hayaniyar kasuwa. Na ɗora mata. Ta zauna a ƙasa kan kafet, ta haɗa gwiwoyi, ta saurari kanta tun daga farko har ƙarshe. Ni ina kujera ina kallon faifan yana juyawa.

Daga wannan makon na fara buɗe kwalayen bayan ƙofa, ɗaya duk Asabar. Akwai na wasu samari daga Jos masu busa sarewa a kan ganguna, akwai na wata mata mai waƙa da Gbagyi da Hausa, akwai wanda ba waƙa a ciki sam, kiɗa ne zalla. Kowanne in saurara, in ɗauki waya in faɗi abin da ke ciki. Ba na cewa yana da daɗi, don ban sani ba. Ina cewa ga abin da za ku ji, ga inda murya ta karye, ga inda aka yi sauri. Mutanen guruf suka saba da ni. Suka daina yi mini ta'aziyya, suka fara yi mini gardama. Da na maigidana suka ƙare, mai shago ya fara aiko mini da sababbi aro, in saurara in mayar.

Haka muka yi ta tafiya har damina ta wuce. Ban ji sauƙi ba, ban kuma ji tsanani ba. Asabar dai ta samu abin yi.

Sai wata rana mai shago ya aiko da faifan wani matashi da ake ta yabo, mai bango ja, an rubuta lambar kowane kwafi da hannu. Na ɗora. Tun a waƙar farko na ji wani abu yana damuna. Yaron ya ɗauko kalangu ya binne shi a ƙarƙashin ƙarar na'ura, ga shi yana jan murya yana kwaikwayon kuka a kan rabuwa da budurwa. A waƙa ta uku na ji wuyana ya yi zafi. Na tashi na ɗage allurar tun bai ƙare ba, abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya a tsakiyar falo ina huci. Sai da na ɗan jima a tsaye kafin na gane haushi nake ji, haushi sosai, irin wanda rabona da shi tun kafin Talatar nan.

Na ɗauki waya na ce wa guruf wannan faifan bai yi mini ba, kukan ƙarya ne, wanda yake so ya saya amma ba da bakina ba. Ba a jima ba mai shago ya kira.

"Madam, kin kashe mini kasuwa. Kwali guda na ɗauko."

"Baba, kai ka ce in faɗi abin da na ji."

Na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"To, ba komai. Mutanen Legas za su saya. Ki dawo mini da shi ranar Litinin, kada ki fasa shi."

Ranar Litinin bayan an tashi daga aiki na bi ta Karu na mayar masa. Ya ba ni wani, na wasu 'yan'uwa biyu daga Gwagwalada masu kiɗan molo. Na sa shi a kujerar baya, na shiga layin motoci na kama hanyar gida.