Dami Bakwai na Kofur

Kakar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar mahaifina, wanda daga ƙauyenmu har kasuwar Ɗanbatta ba a san shi da wani suna ba sai Kofur. Ya rasu ana tsakiyar yankan gero. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don mutum ne da ba ya son a ɗaga shi sama. Bana kam dole ta sa na ɗauki alƙalami, saboda an kakkafa sanduna masu jan fenti a gayaunarsa, kuma raina a ɓace yake.

Ni ce 'yarsa ta fari. Malamar makaranta ce ni a Kano, kuma a gidanmu an san ni da baki. Baba ya shiga soja yana saurayi, lokacin yaƙin basasa, ya dawo da igiya biyu a hannun riga da ɗingishi a ƙafar hagu. Ya ajiye kaki ya ɗauki garma, bai ƙara waiwayen bariki ba. Lambobin yabonsa a cikin kwallar Inna suka ƙare, tare da allura da zare. Labarin yaƙi kuwa ko da wasa ba ya yi. Samari kan zauna kusa da shi a ƙofar masallaci su yi ta jan sa da hira, shi kuma ya karkata zancen zuwa taki da irin gyaɗa har su gaji su tashi. Bai taɓa yanka ragon layya da hannunsa ba, maƙwabci yake kira. Muna yara mukan yi dariya a bayan idonsa, muna cewa wannan wane irin soja ne da ba ya son ganin jini.

Sau ɗaya tak na san ya je taron tunawa da 'yan mazan jiya. An aiko musu da mota, aka jera su a rana tun hantsi suna jiran babban baƙo, wanda bai iso ba sai bayan azahar. Ya dawo ƙafar nan ta kumbura. Inna ta tambaye shi yadda taro ya kasance, ya ce an tara su an ƙirga kamar shanun kasuwa, an tafa musu, an sallame su. Daga nan ko an aiko sai ya ce a gaishe su.

Shi yana da tasa hanyar tunawa, kuma a gayaunar nan yake yin ta. 'Yar gona ce a bakin hanyar Makoda, ban da gandun gida, wadda shi kaɗai yake nomawa, kuma gero kawai yake shukawa a cikinta. Ranar ɗauri, bayan ya fitar da zakka, sai ya ware dami bakwai ya jera su a gindin ɗorawar da ke kan iyaka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora tafin hannu a kan kowanne, ya kira suna, ya ce Allah ya jiƙanka. Garba Dogo. Audu Mai Begila. Isa Bakatsine. Tanko Direba. Lawal Ƙarami. Bitrus. Abokansa ne da suka tafi tare ba su dawo ba, kuma bai san inda kabarin ko ɗaya yake ba. Daga nan a ɗora wa jaki, a kai kowane dami gidan wata tsohuwa ko wata mai marayu, ba tare da an faɗi daga wa ya fito ba, ko da yake duk gari an sani.

Wani malami ya taɓa tare shi kan sunan Bitrus, ya ce sadaka ba ta isa ga wanda ba musulmi ba. Baba bai yi musu ba. Ya ce, “Allah gafarta Malam, mutumin nan shi ya goya ni a bayansa ranar da aka harbe ni. Ni dai na bayar. Wanda ya san inda za ta je, ya sani.” Shekara ta zagayo, ya sake kiran Bitrus da ƙarfi kamar kullum.

Da ya rasu aka raba gandu tsakanin mu huɗu da Inna, kowa ya sami abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba, don a yankinmu gona a jikin gona take, ba daji. Gayaunar ce kawai muka bari ba a raba ba. Ƙanena Sabi'u ke noma ta, ni kuma duk kaka in hau mota in zo ranar ɗauri, saboda da aka zo kiran sunaye a shekarar farko, uku kawai ya iya kawowa. Ni na kawo shida. A kan dami na bakwai na tsaya, kaina ya ɗaure. Ina ganin hannun Baba a kansa, ina tuna yadda yakan daɗe a wurin fiye da sauran, amma sunan ya ƙi zuwa. Shekara goma ina ɗora hannu a kan damin nan ina jin kunya, ina cewa Allah ya jiƙan wanda na manta. Ban gaya wa kowa ba. Mai bakin gida, mai ilimin gida, a ce ita ta zubar da amanar uba.

Yanzu kuma tsofaffin sojoji sun zama abin hawan 'yan siyasa. Duk wanda ya kunna rediyo a Kano ya san sojojin baka, masu sayen fili a gidajen rediyo su yi ta yaɓa wa juna magana. Wannan ya ce waccan jam'iyya ta wulaƙanta 'yan mazan jiya, wancan ya ce ai ku kuka bar su suna yawo da sanda a ofisoshi. Ina saurara in yi tsaki. Ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa zama da tsohon soja ya ga yadda yake zabura idan yara suka fasa abin wasan wuta ranar salla ba. Ina tambayar kaina abin da Baba zai ce da yana raye, sai in ga ba abin da zai ce. Zai kashe rediyon ne ya ɗauki fartanya.

Abin da na tabbata zai dame shi shi ne ba a gama yaƙi ba. Har yau yaran ƙauyukanmu na shiga soja, ana kai su dazuzzukan da iyayensu ba su taɓa jin sunansu ba. Shekara uku ke nan ɗaya daga cikin damman nan yana zuwa gidan Rabi, yarinyar da na koyar da ita karatu lokacin ina aiki a gida. Ta waya aka gaya mata an binne mijinta soja, tana goyon ɗansu na biyu. Ba wanda ya kira sunan mijin Rabi a rediyo.

Ana cikin wannan ne wani ɗan takara, ba zan faɗi sunansa ko jam'iyyarsa ba, ya ji labarin cewa ƙauyenmu ya taɓa yin Kofur. Sabi'u ɗan gaba-gaba ne a tafiyar ɗan takarar. Aka ce za a gina ginshiƙin siminti mai tsawo a bakin hanya, a rubuta sunan Baba, a zagaye da shinge, a yi taro a yanke ƙyalle. Da farko ma siffar soja suka so kafawa, malamai suka ce ba a garin nan ba. Kusa da ginshiƙin kuma za a haƙa rijiyar burtsatse. Filin da ya dace, in ji su, shi ne gayaunar Kofur. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka ce yaudarar zaɓe ce, suka fara zuga wasu cewa kada a yarda. Nan da nan sunan mahaifina, wanda ko ƙuri'arsa ba ya faɗa wa Inna wa ya jefa wa, ya zama abin jayayya a teburin mai shayi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Sabi'u ba mugu ba ne, kuma ba shi da laifi da ya so a san ubansa. Maganar ruwa ma ba ƙarya ba ce. Rijiyar unguwarmu takan ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa, mata da yara su yi ta jeka-ka-dawo da jarkoki. Sauran ƙannena biyu suna bayansa. Da na ga an fi ni yawa sai na sassauto, na ce to in dai za a yi, kada a rubuta sunan Baba shi kaɗai, a rubuta na mutum bakwai ɗin nan. Sabi'u ya ce in kawo sunayen a rubuce. A nan asirina ya tashi tonuwa.

Na sami Inna da la'asar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar 'yar fari, har yau da nake da jikoki. Na zauna na ja faranti ina taya ta, na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na ce, “Inna, na manta sunan na bakwai. Tun rasuwar Baba nake nema.”

Hannunta ya tsaya. Ta ce, “Ke, ba mantawa kika yi ba. Ba a manta abin da ba a taɓa ji ba. Shi ma babanku bai san sunan ba.”

Sau ɗaya ya ba ta labarin, a shekarar da aka kawo ta gidan, bai kuma ƙara ba. An ajiye shi gadi a bakin wani rafi. Sai ga wani saurayi na ɗaya ɓangaren ya fito daga cikin ciyawa, sanye da rigar soja da ta yi masa yawa, da wani abu a hannunsa. Baba ya harba. Da ya je ya duba, ba bindiga ba ce, gwangwanin ɗiban ruwa ne. Ba takarda a jikinsa, ba komai. Inna ta ce, “Ya ce mini yaron bai fi Sabi'u lokacin da ya gama sakandare ba,” sai ta gyara, ta ce a'a, wannan daga baya ya faɗa, ranar da Sabi'u ya kawo sakamakon jarrabawa, ya dube shi ya shige ɗaki. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ni kuwa na tuna ragon layya da dariyar da muke yi, na rasa inda zan sa kaina.

Washegari na kira Sabi'u gindin ɗorawa na gaya masa. Na ce masa ga shawara. Mutumin nan ruwa ya fito nema ya mutu. A ba da gayaunar a haƙa rijiya, duk mai ƙishi ya sha, ba ginshiƙi, ba suna, ba taro. Na san Baba zai yarda da wannan, gero kuwa ma nemo a wani wuri. Sabi'u ya ce, “Yaya, wallahi kin yi gaskiya. Bari in kai musu.”

Bayan kwana huɗu ya dawo da amsa. Sun ce rijiya da ginshiƙi tafiyarsu ɗaya, in ba wannan ba wancan. Sunaye shida ma sun yi yawa a allon, ga na mai girma da za a sa a ƙasa. Batun na bakwai kuwa, Sabi'u ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, wannan ba maganar da za a karanta a taro ba ce. Jarumi suke so.” Satin da ya biyo baya aka zo aka kafa sandunan nan, gero na tsaye bai ko gama nuna ba. Ban sa hannu ba, ban kuma hana ba. Idan na hana, ni ce na hana unguwa ruwa, kuma zan haɗu da matan nan a hanya da jarkokinsu. Idan na yarda, na ba da Baba an yi masa rawanin da ya ƙi sawa yana raye. Har yanzu da nake rubutun nan ban san wanne ya fi zama cin amana ba.

Mun yi ɗaurin bana ranar Asabar da ta wuce, wataƙila na ƙarshe a wannan gona. Muka jera dami bakwai tsakanin sanduna masu jan fenti. Na kira shida. A kan na bakwai Sabi'u ya matso ya ɗora hannunsa kusa da nawa. Aka kai damin gidan Rabi.

Idan aka gina ginshiƙin, masu wucewa a motar Makoda za su karanta cewa an yi wani jarumi a nan. Ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne mutumin da na sani ba. Wanda na sani ya yi wa ƙasarsa aikin da ta sa shi, ya dawo ya ɗauki nauyin abin da aikin ya bar masa, shi kaɗai, da garma, shekara arba'in da wani abu, bai nemi a tafa masa ba. Sunaye shidan na rubuta su a sama don kada su bi ni kabari. Na bakwai ba ni da abin rubutawa. Amma ina jin a can kudu akwai gidan da har yau ake ba da labarin wani yaro da ya tafi ɗiban ruwa lokacin yaƙi bai dawo ba. Da wuya su karanta Hausa, da wuya jaridar nan ta kai gare su. In Allah ya sa ta kai, ina so su san cewa wanda ya harbe shi bai manta da shi ba ko kaka ɗaya, kuma bana ma an fitar masa da daminsa.