Shafin Burodin Mai Barewa

Ranar wata Asabar, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko, Inna ta dawo daga aiki tun rana ba ta take tsaka ba, riƙe da gwangwani ɗaya na Mai Barewa. Ta ajiye shi bisa tabarma, ta cire kallabinta mai ƙamshin soyayyar gyaɗa, ta ce da Baba, "Malam, sun rufe masana'antar. Wannan shi ne na ƙarshe."

Mai Barewa shafin burodi ne na gyaɗa da sukari da ɗan koko, an zana barewa a jikin gwangwaninsa. A Yamai ake yin sa, cikin wani dogon gini mai rufin kwano da ke kusa da kogi, inda Inna ke cikin matan da ke tsince gyaɗa. In iska ta kaɗo da safe, har unguwarmu ta Gaweye ƙamshin ke zuwa, mu yara mu yi ta buɗe hanci muna ɗibar ruwa a famfo. A filin lakwal kuwa, yaron da ya zo da burodi da Mai Barewa sarki ne, har a wasan langa ba a cika tura shi da ƙarfi ba. Gwangwanin da ya ƙare ma ba ya zuwa juji: maza su yi mota da shi, mu mata mu yi tukunyar wasa.

Baba tela ne, ɗinkinsa bai isa riƙe gida da karatunmu ba. Ya kawo shawarar a mai da ni Maraɗi wajen kakata. Inna ta ce, "A'a, Malam. Ƙofa suka rufe, ba su rufe hannuna ba."

Washegari ta sayo gyaɗa. Ita ke suya, ni da yayata Rabi muna murza, muna sheƙe, muna daka har tafinmu ya yi kanta. Shafin farko ya ƙone, na biyu mai ya taso samansa, na uku ya yi tsaki-tsaki kamar an zuba yashi. Inna takan ɗanɗana, ta girgiza kai, ta ce, "Da saura." Damina ta wuce kafin ta yarda ta ɗauki tire zuwa kasuwar Petit Marché. Bai taɓa kamo na gwangwani ba, ita ma ta sani, amma mutane suka saya, kuma ba a fitar da ko ɗayanmu daga lakwal ba.

Yau ginin ya zama ma'ajiyar siminti, kantunan Yamai sun cika da kwalaben shafi na ƙasashen waje. Ƴaƴana suna son su, ni kuwa nakan ɗanɗana in ajiye. Inna ta tsufa, amma duk ranar Juma'a sai na kai mata gyaɗa, tana zaune tana faɗa mini lokacin sauke kasko. Har yanzu ban iya ba, kuma ban daina ba.