Luguden da Ya Tsirar da Maza

Ranar Talata ce. Bayan sallar asuba jirgin ƙasa ya yi kukansa, ni da ƙanwata Sa'a muka fito da turmi tsakar gidanmu a unguwar Adjamé. Masara za mu daka. Mijina Ɗan'azumi mahauci ne. Shi da maza shida suna zaure suna wasa wuƙaƙe, suna jiran shanu daga tasha.

Sa'a ta fi ni iya lugude, ban taɓa faɗa mata ba don kada kanta ya kumbura. Takan jefa taɓarya sama, ta tafa sau biyu, ta karya ƙugu, ta cafe. In buga, ta buga. Ko a rawar biki ba ta san gajiya ba.

A shekarun nan Nasara na kamun maza zuwa aikin dole. Wanda aka tafi da shi, ko ya dawo da tari ko kada ya dawo. Sai mu matan unguwa muka ƙulla dabara: duk wadda ta hango 'yan gardi, dogaran Nasara masu jajayen huluna, ta sauya lugude, bugu uku a jere sannan a tsaya. Gida ya ba gida, maza su tsere.

Da hantsi Sa'a ta hango jajayen huluna ta saman danga. Ta dube ni. Muka buga uku, muka tsaya. Uku, muka tsaya. Turmin maƙwabta ya amsa. Na ji wuƙaƙe sun zube ƙasa, na ji gudu ta bayan gida. Har dariya muka yi.

Su biyar suka shigo. Zaure ba kowa. Babbansu ya dubi wuƙaƙen, ya dubi turmin. Ashe ya san dabarar.

"Ku ajiye taɓarya! Ku shige ɗaki!"

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba zan faɗi abin da suka yi mana ba, duk macen da ta ji wannan ta sani. Abin da na riƙe shi ne ƙarar takalmansu, da kukan kaza, da turmin wani gida can nesa da ke ta buga uku-uku. Sa'a ta kira ni sau ɗaya, "Yaya." Ba ta ƙara ba.

Sun fita kafin azahar, suka ce za su dawo. Na ɗaura wa Sa'a zane, na ja hannunta. Muka ratsa Filato, unguwar Nasara, kai a ƙasa, ba takalmi. Gadar Treichville a kan ruwa take shawagi, tana motsi ƙarƙashin mutum. Ban ji motsin ba. Ko ƙafata ban ji ba. Sai da muka isa unguwar Treichville, gidan Gwaggo Kande, yayar babanmu, ana kiran la'asar, sannan na ga jini a tafin ƙafata.

Kwana tara ina jiran Ɗan'azumi. An ce ya tsira. Bai zo ba, saki ya aiko.

Gwaggo mai kiɗan ƙwarya ce a bukukuwan mata. Ta ga yadda muke zaune kamar itace, ba ma son ko ruwan wanka ya taɓa mu. Kullum da hantsi sai ta rufe ƙofa, ta kifa ƙwarya a ruwa, ta riƙa bugawa a hankali.

"Ba rawa na ce ku yi ba, 'ya'yana. Diddige kawai. Ku taka ƙasa ku ji tana nan."

Na tsani kiɗan nan. Mako biyu ina taka diddige ina zaginta a zuci. Ranar da kafaɗata ta motsa da kanta amai na yi, sannan na yi kuka har muryata ta dushe. Bayan kafaɗa sai wuya, bayan wuya sai hannu. Ƙugu ne ya daɗe bai yarda ba.

Sa'a kuwa tana jingine da bango, ido a buɗe. Gwaggo takan ɗaga mata hannu, ta saki, ya faɗi. Nakan durƙusa in kama diddigenta ina buga mata shi a ƙasa. Abinci sai an ɗura mata. Wata uku muna haka.

Dabarar ƙarshe tawa ce, kuma ita ke cin raina har yau. Na jawo turmi gabanta, na sa mata taɓarya a hannu. Na buga, na jira. Yatsunta suka riƙe. Gwaggo ta dafe baki. Sa'a ta miƙe da kanta, karo na farko, ta ɗaga taɓarya. Ta buga uku a jere, ta tsaya. Uku, ta tsaya. Idonta na kan ƙofa. Ba ta daina ba sai da tafin hannunta ya fashe, muka ƙwace da ƙarfi.

Ba ta sake tashi ba. Ta rasu farkon damina, aka binne ta a Treichville. Shekarunta goma sha tara.

Maza bakwai suka tsira daga gidanmu a ranar Talatar nan. Biyu suka zo gaisuwa. Ni jikina ya dawo, har nakan taka rawa in Gwaggo ta matsa. Amma in ina daka nakan buga ɗaya in jira, har maƙwabta suna cewa matar nan ba ta iya daka ba.