Tayar da na jingine a ƙofar Oga

Ko a gadon mutuwa ba na jin zan manta da ranar da aka kawo wata gawa daga Legas, ina aikin kula da wurin ajiye motoci a filin jirgi. Ku da kuka shigo aikin jiya-jiya, ku saurara.

Dokar ita ce ka karɓi tikiti a ƙofa, ka kai motarka fili, ka biya in za ka fita. Wanda ya tsaya a bakin ƙofar fasinjoji sai mu ɗaura wa tayarsa ƙarfe, ba ya motsi sai ya biya tara. Mu ke ɗaurawa, amma makullin yana aljihun shugabanmu, Oga Danladi, wai mu ɓarayi ne, za mu riƙa buɗewa muna cinye kuɗin. Motocin abokansa kuwa a nan suke wuni, har sara musu muke yi.

Wata Asabar ce da damina. Wani dattijo daga unguwar Ali Kazaure, Malam Sabi'u, ya zo da bas zai ɗauki gawar ƙaninsa. Ya matso da motar kusa da ƙofa don kada a ratsa fili da akwatin gawar cikin ruwan sama. Oga ya gani, ya sa abokin aikina Pam ya ɗaure tayar baya, ya shiga motarsa ya tafi biki garin Vom. Da makullin.

Aka sa gawa a bas, bas ba ta tafiya. Dattijon ya zo wurina da kuɗin tarar a hannu.

Ya ce, "Ɗana, ga shi, ban yi gardama ba. An riga an haƙa kabari, jama'a na jira bayan la'asar."

Na kira Oga, ina jin kiɗa a bayansa. Na ce, "Oga, gawa ce fa."

Ya ce, "Gawa tana sauri ne? Su jira ni. Ka sake su, ka bar aiki."

Gari da nisa, tasi kuma ba ta ɗaukar akwatin. Sai Emeka, wani direban tasi, ya tsuguna ya duba ƙarfen. Aikin mai walda ne, bai rufe notuna ba. Ya ce, "Baba, akwai safaya?" Akwai. Ya ɗauko jak, Pam ya riƙe lema yana tsaki, ni na kwance notunan da hannuna. Muka cire tayar da ƙarfenta, muka sa safaya, suka tafi. An binne shi kafin magariba. Tayar kuwa na gangara ta har ƙofar ofishin Oga na jingine.

Ran Litinin ya ce na zubar masa da mutunci. Aka dakatar da ni babu albashi, da na dawo aka tura ni ƙofar waje, inda kuke ganina cikin rana har yau.

Wannan bai ƙona min rai kamar abin da ya biyo baya ba. Bayan sadakar uku Malam Sabi'u ya dawo da kansa ya biya tarar. Oga ya karɓa, ya ƙara masa kuɗin ajiya, wai ai tayar ta kwana a filin. Dattijon ya biya, ya ce Allah ya saka da alheri, ya ɗauki tayarsa.

Ba na zagin doka, in babu ita ƙofar nan kasuwa za ta zama. Amma a aikin nan mai ɗaurewa daban, mai makulli daban, kuma mai makulli ba ya ganin fuskar kowa. Saboda haka kafin ka ɗaura ƙarfe, ka leƙa ka ga wa ke cikin motar.