Shekarar da Na Yi Gadin Hatsinmu daga Kan Gawo

Wauta na yi ta iri-iri a rayuwata. Wasu na manta, wasu kuma mutane sun yi mini alheri sun manta. Amma akwai guda ɗaya da ba za ta bar ni ba har a sa ni ƙasa: shekarar da na ɗauki sanda na tsare hatsin garinmu don kada mutanen garinmu su taɓa shi.

Lokacin yaƙin Nasara ne, wanda suka yi ta yi can ƙasarsu, mu kuma nauyinsa na kan wuyanmu a nan. Ƙauyenmu yana cikin duwatsu, kusa da Deule. Tun bayan yunwar da fara ta jawo, kumandan na Madawa ya kafa doka: in an yi girbi kowane gida ya kai dammuna rumbun tsimi. A tara, a liƙe bakin da laka, a buga hatimi, ba mai buɗewa sai da izininsa. A baki abin ya yi kyau, wai tanadi ne don ranar wahala. Sai dai ba mu ne masu cewa ranar wahala ta zo ba. Shi ne, shi da bai taɓa kwana da cikinsa yana kuka ba.

Da mai gari ya nemi wanda zai yi gadin rumbun, ni na fara miƙewa. Ba don amana ba. Na ji an ce mai gadi ba a ɗibarsa aikin dole, ni kuwa sabon aure gare ni, ba ni da marmarin fasa dutse. Aka ba ni sanda da wata tsohuwar jar hula da wani gardi, wato dogarin kumandan, ya gaji da ita. Ta yi mini yawa, tana sauko mini har kunne, amma a ganina ni da kumandan bambancinmu doki ne kawai. Na kuma koyi Faransanci, kalma ɗaya tak: defandi, wato an hana. Yara na ce musu defandi, awaki na ce musu defandi, har matata ta sha ta a kan tuwo.

Damina ta zo da yaudara. Ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka, sai sama ta ɗauke, tsiro ya ƙone. Aka sake shuka, ɓeraye suka tone. Iri ya ƙare a gari, wanda ya rage a wasu gidaje kuwa yara sun riga sun sha shi a kunu. Mai gari ya aika mutum a kan doki zuwa Madawa neman izini. Ya dawo ya ce kumandan ya fita rangadi, an ce a jira.

Muna cikin jira sai ga ruwa na gaske, irin wanda ke cika fadama. Duk wanda ya taɓa riƙe sungumi ya san ƙasarmu: in ta sha ruwa ba ka zuba iri ba, rana na fitowa sau biyu ta bushe, shekara ta tafi. Da safe aka nemi mai gari, aka ce zazzaɓi ya kama shi, ya shige ɗaka. Zazzaɓin nan ya san lokacin zuwa.

Kawuna ne ya zo wurina da dattawa a bayansa. Shi ya riƙe ni tun mutuwar ubana.

Ya ce, "Ɗana, ka ga ƙasa. Ba na ci muke biɗa ba, na shuka."

Na gyara hula na ce, "Kawu, defandi ne. In hatimin ga ya fashe, bayana za a fasa."

"Dammunan gidanka na ciki, ka sani?"

"Na sani, ni na ɗauko su bisa kaina."

Ya dubi fuskata, ya dubi sandar, ya juya. Ni kuwa har na ji daɗi, wai na yi aiki.

Hantsi na dubawa sai ga ɗiyarsa, taubashiyata, da goyo a baya. Wanda bai san taubasantaka irin tamu ba, ɗan mace da ɗiyar namiji ba fushi tsakaninsu. Ta zage ka, ta ƙwace abin hannunka, ta yi maka tsiya gaban surukanka, sai dai ka yi dariya ka rama da baki. Ka ɗaga mata hannu kuwa, abin kunyar har jikokinka.

Ta ce, "Bawana, wa ya kife maka tukunyar ga bisa kai?"

"Ke matsa, ina bakin aikin gwamnati."

"Gwamnatin da ba ta iya ɗinke maka wando ba? Kawo in gani ko ta yi mini kyau."

Kafin in ankara hula ta koma kanta, bisa kallabi. Ba ta ma yi gudu ba. Ta riƙa tafiya tana buga ƙafa kamar soja tana sara wa kaji, ni ina biye ina lallashi, ina haɗa ta da Allah da darajar goyonta. Har bakin rijiya muka je, inda babban gawo yake. Ta cire hular ta wurga sama, ta maƙale a reshe.

Mai hankali da ya haƙura da hular ya koma bakin rumbu. Ni na jingine sanda na hau.

Gawo da damina ba ganye, saboda haka daga sama na ga gari kamar a tafin hannu. Na ga samari sun ɗaga jinkar rumbu, na ga kawuna da kansa ya sa fartanya ya fasa lakar. Na ga mata sun jeru da ƙore. Tsofaffi biyu suka zauna suna rabo, kuma abin da ya tsaya mini a rai ke nan har yau: ba wanda aka tambaya dami nawa ya kawo. Girman gona aka duba da bakunan da ke jiranta. Wata gwauruwa da ba ta sa wani abin kirki a rumbun ba ta samu daidai da mai raƙuman garinmu, shi kuwa ya karɓi nasa ya wuce. Da iri ya ishi kowa suka maida jinka, ragowar ba a taɓa ba. Can sai turame suka ɗauka ko'ina, ana sussuka.

Na yi ihun defandi sau ɗaya daga sama. Hankaka ne kawai ya tashi. Rigata ta kama ƙaya, kuma na daɗe ina gaya wa mutane ita ta riƙe ni. Ta riƙe ni, ba ƙarya. Amma ban yi wani gaggawar kwance ta ba, don ina tsoron abin da ke ƙasa ta kowane gefe. Kafin in sauko gari ya watse gona.

Da labari ya kai Madawa gardawa suka zo. Duk wanda aka tambaya ya ce yana gona, bai ga komai ba. Mai gari ya ce yana kwance. Saura mai gadi. Na sha bulala a bakin rumbun, aka tasa ni gaba zuwa aikin hanya, wato abin da na ɗauki sanda don in guje masa.

A can ne idona ya buɗe. Muna fasa dutse, ayarin raƙuma na wuce mu da buhunan hatsi, an ce na soja ne, daga rumbunan tsimin wasu garuruwa. Wani mutumin Galma da muke ɗaukar kwando tare ya ce su sun yi biyayya, sun jira. Izini ya iso musu bayan ƙasa ta koma kamar dutse. Gidansu rabi ya tafi kudu neman abinci, bai san inda suke ba.

Karatuna bai kai ya kawo ba, amma wannan na karanta shi da bayana. Fari daga Allah ne. Yunwa kuwa sau da yawa akwai hatsi kusa da ita, an dai liƙe bakinsa, wanda ya noma shi ba shi da ta cewa. Kuma mai hatimin ba ya tsayuwa da kansa. Ɗan talaka yake samu irina, mai yunwa kamar kowa, ya tsayar da shi tsakanin danginsa da abincinsu. Yanzu ruwa ya ƙara rashin tabbas, rumbunan sun zama na siminti, masu izini sun zama baƙaƙe 'yan'uwanmu, amma in na wuce na ga yaro tsaye a ƙofa yana hura hanci, na san shi sarai.

Da kaka aka sake ni. Na iso na tarar an yi wa gonata gayya, an shuka, an nome, hatsi ya fi ni tsawo. Ina zaune a ƙofar gida, ƙafafu duk faso, sai ga taubashiyata da ƙwaryar fura ta sabon hatsi. Ta ajiye a gabana, ta tsaya tana kallon yadda nake sha kamar wanda za a ƙwace wa.

Ta ce, "Sha a hankali, bawana. Ka gode wa Allah da ya yi ka ba ka iya aiki ba. Da ka iya, da yanzu kaburburanmu kake gadi."